Agatha Christie: Matar da ta samu fam 25 a littafinta na farko, daga baya aka sayar da biliyan biyu

Idan ana maganar littattafan binciken kisan kai, irin waɗanda ke hana mai karatu barci sai ya ga wanda ya yi aika-aikar, sunan da ake fara ambata shi ne na Agatha Christie.

Kundin bajinta na Guinness ya sanya ta a matsayin marubuciyar ƙagaggun labarai da ta fi kowa ciniki a tarihi, inda aka ƙiyasta an sayar da kwafin littattafanta sama da biliyan biyu. Alƙaluman hukumar UNESCO kuma sun nuna babu marubuci guda da aka fassara ayyukansa zuwa wasu harsuna kamar ita.

Ta bar littattafan bincike 66 da tarin gajerun labarai 14, ban da wasannin kwaikwayo.

Sai dai farkon lamarin bai nuna alamar haka ba. Kamfanonin buga littattafai sun yi ta dawo mata da aikinta na farko, kuma da aka buga shi fam 25 kacal ya shiga hannunta. Abin da ya kai ta inda ta kai ya haɗa da baiwarta, da darasin da ta koya daga cutar da aka yi mata, da kuma sauyin da aka samu a yadda talakan Ingila ke sayen littafi.

Yarinyar da ta koya wa kanta karatu

An haifi Agatha Mary Clarissa Miller ranar 15 ga Satumban 1890 a Torquay, wani gari na bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinta Frederick Miller Ba'amurke ne mai cin gadon dukiya, mahaifiyarta kuma Clara. Ita ce auta, bayan yayarta Madge da yayanta Monty.

Ba a sa ta makaranta da wuri ba. Mahaifiyarta na da ra'ayin cewa bai kamata yaro ya iya karatu ba sai ya kai shekara takwas. Agatha ba ta jira ba, ta koya wa kanta karatu tun kafin ta cika shekara shida, ta kama cinye littattafan da ke gidansu mai suna Ashfield.

Mahaifinta ya rasu a 1901 tana da shekara 11, a lokacin da dukiyarsa ta riga ta ja baya. Tsoron rashin kuɗi da ta gani a gidan bai taɓa barin ta ba.

Da ta zama budurwa an tura ta birnin Paris ta koyi fiyano da waƙa, amma kunyar tsayawa gaban jama'a ta hana ta mayar da kiɗa sana'a. Daga nan mahaifiyarta ta kai ta Alƙahira suka yi wata uku. A Alƙahirar ta ɗora labarin littafin da ta fara gwadawa, wanda babu kamfanin da ya karɓa.

Madge ce ta fara nuna mata labaran Sherlock Holmes. Wata rana suna hira kan wani littafin bincike na Bafaranshe Gaston Leroux, Agatha ta ce ita ma za ta so ta rubuta irinsa. Yayar ta ce ba za ta iya ba. Maganar ta zauna mata a rai.

Ɗakin haɗa magani

Ta auri Archibald Christie, matuƙin jirgin saman soja, ranar 24 ga Disamban 1914, watanni kaɗan bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ango ya koma fagen daga a Faransa, amarya ta ci gaba da aikin sa-kai na jinyar sojojin da aka raunata a asibitin da aka buɗe a zauren taro na Torquay.

Daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magunguna, har ta ci jarrabawar aikin a 1917. A wancan zamani da hannu ake auna magani a haɗa shi, kuma kuskure kaɗan a awo na iya kashe mutum. A nan ta san gubobi, da adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa, da alamomin da kowacce ke bari a jiki.

Aikin ɗakin maganin na da lokutan zaman jira, a cikinsu ta fara tsara labarin da Madge ta ce ba za ta iya ba. Ta zaɓi guba a matsayin makamin kisa saboda ita ta sani. Da ta zo neman wanda zai yi binciken, sai ta tuna da 'yan gudun hijirar Beljiyam da yaƙi ya koro zuwa garinsu. Ta ƙirƙiro Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam, gajere mai gashin baki, mai tsananin son tsafta da tsari, wanda ya fi dogara da tunani a kan bin sawu.

Ta kammala littafin, The Mysterious Affair at Styles, a 1916. Kamfanoni irin su Hodder and Stoughton da Methuen suka ƙi shi.

Takardar da ta sa wa hannu ba ta karanta da kyau ba

Kamfanin Bodley Head na John Lane ya riƙe rubutun tsawon lokaci har ta kusa mantawa da shi, kafin ya kira ta. Ya nemi ta sauya babin ƙarshe, a fitar da shi daga kotu a mayar da shi falon gida, inda Poirot zai tara duk waɗanda ake zargi ya warware musu lamarin. Wannan tarawa a falo ta zama alamar littattafanta har ƙarshen rayuwarta.

Murnar za a buga mata littafi ta sa ta rattaba hannu kan yarjejeniyar da aka miƙo mata. Yarjejeniyar ta ce ba za ta samu ko kwabo ba sai an sayar da kwafi 2,000, sannan ta ɗaure ta da ba kamfanin wasu littattafai biyar nan gaba a kan kaso kaɗan.

Littafin ya fito a Amurka a 1920, a Birtaniya kuma a farkon 1921. Cinikinsa ya tsaya dab da 2,000 ɗin, don haka abin da ta samu shi ne fam 25, rabin kuɗin da wata jarida ta biya don buga labarin kashi-kashi. Yabon da ya fi faranta mata rai ya fito ne daga mujallar masu haɗa magunguna, wadda ta ce marubuciyar ta san abin da take faɗa a kan guba.

Ta cika alƙawarin littattafan, amma ta riga ta gane an ci da guminta. Ta ɗauki wakili, Edmund Cork, wanda ya kula da harkokinta fiye da shekara hamsin, kuma ta koma kamfanin Collins. Kafin ta bar Bodley Head, jaridar Evening News ta biya ta fam 500 don buga littafinta The Man in the Brown Suit kashi-kashi. Da kuɗin ta sayi motarta ta farko, ƙirar Morris Cowley.

Shekarar 1926

Littafinta na farko a Collins, The Murder of Roger Ackroyd, ya fito a 1926, kuma shi ya fito da sunanta. Yadda ta ɓoye mai laifin ya raba kan masu karatu. Wasu sun ce ta yaudare su. Wasu, ciki har da marubuciya Dorothy L. Sayers, sun kare ta da cewa duk shaidar na nan a rubuce, mai karatu ne bai lura ba.

A shekarar ce kuma rayuwarta ta rikice. Mahaifiyarta ta rasu a watan Afrilu. A watan Agusta mijinta ya gaya mata yana son wata mai suna Nancy Neele, kuma yana neman su rabu.

Daren 3 ga Disamba, Agatha ta fita daga gidansu da ke Sunningdale, ta bar 'yarta Rosalind mai shekara bakwai tana barci. Washegari aka tsinci motarta a gefen wani rami a Newlands Corner da ke yankin Surrey, da kayanta a ciki, ita babu.

'Yan sanda fiye da dubu da dubban 'yan sa-kai suka bazama nema, har da jiragen sama. Wata jarida ta sa ladar fam 100. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, ya kai safar hannunta wurin wani mai duba. Labarin ya kai shafin farko na jaridar New York Times.

Bayan kwana 11, ranar 14 ga Disamba, aka same ta a wani otal a garin Harrogate da ke arewacin Ingila. Ta yi rajista da sunan Teresa Neele daga birnin Cape Town, wato da sunan dangin matar da mijinta ke so. Likitoci biyu da suka duba ta sun ce ta samu gushewar tunani. Jaridu da dama ba su yarda ba, suka zarge ta da neman suna ko neman tozarta mijinta, suna kuma ƙorafin kuɗin jama'a da aka kashe.

Tun daga nan ta tsani 'yan jarida, da wuya ta yarda a yi hira da ita. A littafin tarihin rayuwarta ma ba ta ambaci waɗannan kwanaki ba.

An raba auren a 1928. Ta ci gaba da amfani da sunan Christie saboda da shi masu saye suka san ta. Ga 'ya, ga buƙatar kuɗi, sai ta tilasta wa kanta kammala The Mystery of the Blue Train ba tare da tana jin daɗin rubutun ba. Daga baya ta bayyana cewa a kan wannan littafi ne ta tashi daga mai rubutu don sha'awa ta koma mai sana'a, wadda ke zama ta yi aikin ko tana so ko ba ta so.

Jirgin ƙasa zuwa gabas

A ƙarshen 1928 ta hau jirgin ƙasan Orient Express ita kaɗai zuwa Istanbul, daga nan ta wuce Bagadaza, ta ziyarci wurin da masanin kayan tarihi Leonard Woolley ke tono a tsohon birnin Ur na Iraƙi.

Da ta koma a 1930 ta haɗu da mataimakinsa Max Mallowan, wanda ta girme da fiye da shekara 13. Suka yi aure a watan Satumban shekarar a Edinburgh, kuma mutuwa ce ta raba su.

Kusan kowace shekara tana bin sa wuraren tono, daga Nineba da Arpachiyah a Iraƙi zuwa Chagar Bazar da Tell Brak a Siriya, sannan Nimrud bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tana ɗaukar hotunan abin da aka tono, tana rubuta su a rajista, tana goge sassaƙen hauren giwa da man shafawarta na fuska. A Nimrud an gina mata ɗan ɗaki na tubalin laka inda take rubutu.

Tafiye-tafiyen sun ba ta wuraren da ta ɗora labarai a kansu. Murder on the Orient Express na 1934 ya samo asali daga sace ɗan matuƙin jirgin nan Charles Lindbergh a Amurka a 1932, da kuma lokacin da ƙanƙara ta tsayar da jirgin na kwanaki a Turkiyya a 1929. Murder in Mesopotamia ya biyo baya a 1936, sai Death on the Nile a 1937.

A 1930 ɗin ne kuma ta fitar da cikakken littafi na farko a kan Miss Marple, tsohuwar da ba ta taɓa aure ba, mai zaman ƙauye da saƙa, wadda ke gano mai laifi ta hanyar kwatanta shi da halayen mutanen ƙauyensu. Poirot ya fito a littattafai 33, Marple a 12.

Littafin sisi

Don a gane yadda cinikinta ya kai haka, sai an duba yadda ake samun littafi a Ingilar wancan lokaci.

Sabon littafin labari mai bangon kwali sule bakwai da sisi ne, kuɗin da ma'aikaci ba zai fitar a kan labarin da zai karanta a dare biyu ba. Akasarin mutane haya suke yi. Kantunan magani na Boots da shagunan W. H. Smith na da ɗakunan ba da aron littattafai, mutum ya biya kuɗin rajista ya riƙa ɗauka yana mayarwa. Waɗannan ɗakuna su ne manyan masu sayen littattafan bincike, kuma abin da suke so shi ne marubucin da ba ya fashi.

Agatha ba ta fashi. A 1934 kaɗai littattafanta biyar suka fito. Kamfanin Collins kuma ya buɗe wani tsari a 1930 mai suna Crime Club, inda yake aika wa masu rajista sanarwar sababbin littattafan bincike da za su fito kowane wata. Sunanta ne kan gaba a jerin.

Babban sauyin ya zo a 1935 ta hannun Allen Lane, ɗan'uwan John Lane ɗin da ya ɗaure ta da yarjejeniyar farko. Allen abokinta ne. Labarin da kamfanin Penguin ke bayarwa shi ne, yana dawowa daga ziyarar da ya kai mata a Devon ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Exeter, ya nemi abin karantawa mai kyau kuma mai araha ya rasa. Daga nan ya ƙudiri buga littattafai masu bangon takarda a kan sisi, daidai da kuɗin kwalin taba a lokacin.

Cikin littattafai goma da Penguin ya fara da su a Yulin 1935 akwai The Mysterious Affair at Styles. Littafin da ake saye sule bakwai da sisi ya koma kashi ɗaya cikin 15 na farashinsa. Kantunan Woolworths suka yi odar sama da kwafi 60,000. An ba littattafan bincike koren bango, ta yadda matafiyi zai hango su daga nesa a tashar jirgi.

Mai haya ya zama mai saye. A 1948 Penguin ya fitar da littattafanta goma a lokaci guda, kowanne kwafi 100,000, jimilla miliyan ɗaya.

Daga baya Collins ya mayar da fitowar sabon littafinta dab da Kirsimeti, yana tallata shi a matsayin tsarabar bikin. Iyalai suka saba da sayensa duk shekara ba tare da sun tambayi abin da ke ciki ba. Sunan da ke bangon ya ishe su.

Me ya sa ake komawa?

Marubutan bincike na Birtaniya sun kafa ƙungiya a 1930 mai suna Detection Club, wadda mambobinta ke alƙawarin ba za su ɓoye wa mai karatu wata shaida da mai binciken ya gani ba, kuma ba za su warware labari da tsafi ko sa'a ba. Agatha na cikin mambobin farko, kuma ta shugabance ta kusan shekara ashirin har rasuwarta.

Ta riƙe wannan amana. Takan ajiye shaidar a fili, cikin hirar da ta yi kama da ta banza ko a wani ɗan abu da ke kan tebur, sannan ta ja hankalin mai karatu wani gefen. Idan ya kai ƙarshe ya ga an kayar da shi, sai ya koma baya ya tarar da shaidar tana nan inda ya tsallake ta. Wanda aka kayar ta wannan hanya yakan sayi na gaba don ya rama.

Turancinta mai sauƙi ne, yawancinsa hira, littattafan kuma gajeru. Wannan ya sa fassara su ba ta da wuya, ya kuma sa masu koyon Turanci a ƙasashe da dama ke farawa da su. Bayan rasuwarta an samu littattafan rubutu 73 da take tsara labarai a ciki, inda aka ga sau da yawa tana gwada mutane daban-daban a matsayin mai kisan kafin ta tsayar da ɗaya.

Ta sha suka. Marubucin Amurka Raymond Chandler ya ce irin waɗannan labarai sun yi nesa da yadda ake kisa a zahiri. Mai sharhi Edmund Wilson ya yi rubutu a 1945 yana cewa karanta su ɓata lokaci ne. Suka mafi nauyi ita ce ta yadda ta siffanta Yahudawa da Larabawa da baƙaƙen fata a wasu littattafan. Littafinta mafi ciniki ya fara fitowa a Birtaniya a 1939 da suna mai ɗauke da kalmar cin mutuncin baƙar fata. A Amurka an sauya shi zuwa And Then There Were None tun 1940, amma a Birtaniya tsohon sunan ya daɗe a kasuwa. A 2023 an bayyana cewa kamfanin HarperCollins ya cire wasu kalamai irin waɗannan daga sababbin bugu.

Yaƙi na biyu da bayansa

A Yaƙin Duniya na Biyu ta koma aikin haɗa magani, wannan karon a asibitin University College da ke Landan, yayin da mijinta ke aikin soja a arewacin Afirka. Saboda bama-baman da ake jefa wa birnin, ta rubuta labarin ƙarshe na Poirot da na Marple ta ajiye su a banki, ta mallaka ɗaya ga 'yarta ɗaya ga mijinta, don su samu abin dogaro idan ta mutu.

A asibitin ne shugaban sashen magunguna ya ja hankalinta ga gubar taliyam, wadda ke zubar da gashi. Ta yi amfani da ita a The Pale Horse na 1961. A 1977, shekara guda bayan rasuwarta, an kawo wata yarinya 'yar wata 19 daga Qatar zuwa asibitin Hammersmith na Landan da ciwon da likitoci suka kasa ganewa. Wata nas da ke karanta littafin ta lura alamomin sun yi daidai. Gwaji ya tabbatar da gubar, aka ceto yarinyar.

Wasan kwaikwayonta The Mousetrap ya fara ne a matsayin wasan rediyo da BBC ta nema a 1947 don cikar Sarauniya Mary shekara 80. An buɗe shi a dandamalin Landan ranar 25 ga Nuwamban 1952, kuma bai tsaya ba sai a Maris ɗin 2020 lokacin annobar korona, ya dawo a Mayun 2021. Babu wasan da ya kai shi daɗewa a duniya. A ƙarshen kowane nuni ana roƙon 'yan kallo kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan. Ta ba jikanta Mathew Prichard haƙƙin wasan kyauta yana da shekara tara.

Ta kuma rubuta littattafai shida da ba na bincike ba da sunan Mary Westmacott, kuma sai a 1949 aka gano ita ce.

Daga wanne za a fara?

Littattafanta ba sa buƙatar a bi su a jere, kowanne na tsaye da kansa.

A ƙuri'ar da aka kaɗa a duniya a 2015 don cikarta shekara 125 da haihuwa, And Then There Were None ne ya zo na ɗaya. Mutum goma ne aka gayyata wani tsibiri, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu kowa a tsibirin sai su. An ƙiyasta an sayar da kwafinsa kusan miliyan 100. Masu kallon tsofaffin fina-finan Indiya sun san labarin ko da ba su karanta ba, domin a kansa aka gina fim ɗin Gumnaam na 1965.

Murder on the Orient Express ne ya zo na biyu, The Murder of Roger Ackroyd na uku. Wannan na ukun shi ƙungiyar marubutan labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓa a 2013 a matsayin littafin bincike mafi kyau da aka taɓa rubutawa. Wanda zai karanta shi ya guji neman bayaninsa a intanet tukuna, saboda layi ɗaya ya isa ya ɓata masa komai.

Mai son Miss Marple zai iya farawa da A Murder Is Announced na 1950, inda aka buga sanarwar kisa a jaridar ƙauye kafin a aikata shi. Ita kanta marubuciyar ta fi son Crooked House na 1949 da Ordeal by Innocence na 1958. Littattafan shekarunta na ƙarshe, irin su Postern of Fate na 1973, masu sharhi sun yi ittifaƙin ba su kai na baya ba, don haka ba su ne na farawa ba. Curtain kuwa a bar shi sai an saba da Poirot.

Ƙarshen tafiya

Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girma ta Dame a 1971, shekara uku bayan an ba mijinta ta Sir. Tun 1955 ta kafa kamfanin da ke riƙe da haƙƙin ayyukanta, kuma a 1968 kamfanin Booker McConnell ya sayi kashi 51 cikin 100 na hannun jarinsa.

Fitarta ta ƙarshe bainar jama'a ita ce a 1974, wajen buɗe fim ɗin Murder on the Orient Express a Landan. Da ya tabbata ba za ta iya sake rubutu ba, aka ɗauko Curtain daga banki aka buga a 1975. Poirot ya mutu a cikinsa, kuma New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko ranar 6 ga Agustan shekarar, abin da ba ta taɓa yi wa wanda ba mutum na gaske ba.

Agatha Christie ta rasu ranar 12 ga Janairun 1976 a gidanta na Winterbrook kusa da Wallingford, tana da shekara 85. A daren, gidajen wasan kwaikwayo biyu a Landan sun rage hasken fitilunsu don girmama ta. An binne ta a maƙabartar cocin St Mary da ke ƙauyen Cholsey, inda aka binne Mallowan kusa da ita a 1978.

Littafin Marple da ta ajiye a banki, Sleeping Murder, ya fito a watan Oktoban 1976, dab da lokacin da masu saye suka saba zuwa neman sabon littafinta.